Baƙin da Suka Wuce Kirsimeti: Yadda Ailan Ta Sauki 'Yan Gudun Hijirar Beljiyam, 1914 zuwa 1919

Akwai wata 'yar unguwa a garin Monaghan, can ƙasar Ailan, da har yau ake kira Belgian Square, wato dandalin 'yan Beljiyam. Da can barikin soja ne. A ƙarshen Oktoban 1914 jirgin ƙasa ya sauke mutum 15 a tashar garin, dukansu 'yan gudun hijira daga Beljiyam, aka kai su gidajen da aka gyara a tsohon barikin. Mutanen sun daɗe da tafiya, suna ya zauna. Waɗannan 15 ɗin wani ɗan yanki ne na kimanin mutum 2,300 da tsibirin Ailan ya sauka a tsawon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Adadin ba shi da yawa. Birtaniya baki ɗaya ta karɓi wajen 250,000, Holan kuwa kusan miliyan guda suka kwararo mata cikin 'yan makonni. Amma ƙanƙantar lamarin ce ta sa ake iya ganinsa ciki da bai: wa ya buɗe ƙofa, don me ya buɗe, da abin da ya faru sa'ad da baƙon da aka zata na wata uku ne ya shekara huɗu.

Abin da ya koro su

Ranar 4 ga Agustan 1914 sojojin Jamus suka keta iyakar Beljiyam kan hanyarsu ta zuwa Faransa. Tun 1839 manyan ƙasashen Turai suka sa hannu a Landan cewa Beljiyam 'yar ba-ruwana ce, ba mai taɓa ta. Birtaniya ta riƙe wannan yarjejeniya ta shiga yaƙi a ranar. Ailan a lokacin ba ƙasa ce mai kanta ba, tana cikin Tarayyar Birtaniya, don haka ita ma ta wayi gari cikin yaƙi ba tare da an tambaye ta ba.

Mamayar ta zo da kisan farar hula. A Dinant an kashe mutum 674 ranar 23 ga Agusta. Kwana biyu bayan haka aka cinna wa birnin Louvain wuta, ɗakin karatun jami'arsa ya ƙone da littattafai sama da 200,000. Da birnin Antwerp ya faɗi a farkon Oktoba sai hanya ta cika. Mutane suka yi ta cin ruwa a jiragen kamun kifi da na dakon kaya, har tashar Folkestone a kudancin Ingila ta sauke mutum 16,000 a rana guda, 14 ga Oktoba. Landan ta cika ta batse, aka shiga neman inda za a kai saura.

Shirin da aka yi domin wani yaƙi dabam

A nan labarin ya ɗan ratso ta ƙofarmu. Matar da ta fara kafa kwamitin karɓar waɗannan 'yan gudun hijira a Landan, cikin Agustan 1914, ita ce Flora Shaw, matar Gwamna Lugga, wadda ta ba da shawarar sunan Nijeriya a jaridar The Times a 1897. A farkon wannan shekara ta 1914 mijinta ya haɗe Kudu da Arewa. Ita kuwa hankalinta yana kan Ailan, inda dangin mahaifinta suke.

Dalili shi ne Ailan na dab da yaƙin basasa. Majalisar Birtaniya na shirin ba ta mulkin cin gashin kai, da majalisarta a Dublin. Mafi yawan Katolika suna so. Furotestan lardin Ulster a arewa suka ce sai dai bayan ransu, suka kafa rundunar sa-kai, suka shigo da bindigogi ta tashar Larne a watan Afrilu. 'Yan kishin ƙasa su ma suka kafa tasu, suka shigo da nasu makaman ta Howth a watan Yuli. Flora tana ɓangaren Ulster, kuma ta san cewa an riga an tsara yadda za a kwashe mata da yaran Furotesta zuwa Ingila in harbi ya fara: takardun rajista, tsarin sufuri, jerin gidajen da suka yarda su sauki baƙi. Da yaƙin Turai ya ɓarke, rikicin Ailan ya lafa na ɗan lokaci, sai ta nemi izinin shugabannin Ulster ta juya wannan shiri zuwa ga 'yan Beljiyam. Wato tabarmar da aka shimfiɗa domin Furotestan da za su guje wa mulkin Katolika, Katolikan Beljiyam ne suka zauna a kanta. Ban san wani abu a tarihin wannan lamari da ya kai wannan ban mamaki ba.

Me ya sa Beljiyam ta taɓa zuciyar 'yan Ailan

Ruwa ba ya tsami banza. Tausayin da 'yan Ailan suka nuna yana da saiwa. Ƙarama ce Beljiyam, Katolika ce, kuma babbar maƙwabciya ce ta danne ta. Duk ɗan Ailan da ya ji wannan ya ga hoton ƙasarsa. Sunan Louvain kuma ba baƙo ba ne a kunnensu. A ƙarni na 17, lokacin da dokokin Ingila suka matsa wa Katolika lamba a gida, can suke tura 'ya'yansu karatun addini. A 1607 limaman ɗariƙar Faransiskan 'yan Ailan suka kafa kwalejin Saint Anthony a birnin, a can aka buga littattafai cikin harshen Ailan, daga can kuma aka aiko Mícheál Ó Cléirigh gida ya tattara tsofaffin tarihohin ƙasar. Saboda haka limamin coci da ya hau mumbari ya ce lokacin rama alheri ya yi, ba ƙarya ya yi ba.

Amma akwai siyasa a ciki, kuma ba a ɓoye take ba. John Redmond, jagoran jam'iyyar 'yan Ailan a majalisar Landan, ya samu an sa hannu kan dokar cin gashin kai ranar 18 ga Satumba, da sharaɗin ba za ta fara aiki ba sai an gama yaƙi. Kwana biyu bayan haka, a Woodenbridge, ya yi kira ga 'yan sa-kai su shiga soja su je duk inda fagen daga ya kai. Da wuya ka ce wa ɗan kishin Ailan ya je ya mutu domin Sarkin Ingila. Amma kana iya ce masa ya je domin Beljiyam, domin coci-cocin da aka ƙona da haƙƙin ƙananan ƙasashe. Akwai wata fosta ta ɗaukar soja da aka manna a bangon garuruwa: mace riƙe da bindiga, tana nuna Beljiyam na cin wuta a hayin ruwa, tana tambayar wani namiji da ya zuba hannu a aljihu ko zai tafi ko ita ta tafi. Tom Kettle, malamin jami'a kuma tsohon ɗan majalisa, yana Beljiyam yana sayo wa 'yan sa-kai bindigogi yaƙin ya same shi. Abin da ya gani ya sa ya dawo ya sa kaki, aka kashe shi a fagen daga a Ginchy da ke Faransa cikin Satumban 1916.

Masu goyon bayan zama da Birtaniya su ma suna da nasu dalili: Beljiyam ce shaidar cewa daularsu yaƙin gaskiya take yi. Sai ga abin da ba a saba gani ba. Matar mai gonaki Bafurotesta da limamin Katolika suna zaune a teburi ɗaya suna ƙirga barguna. Ɗan gudun hijira da ya sauka a tashar jirgi ba mutum ne kawai mai neman makwanci ba, hujja ce mai tafiya da ƙafa, kowane ɓangare yana so a gan shi tare da ita.

Kwamiti da gidan gajiyayyu

A Oktoban 1914 Hukumar Kula da Ƙananan Hukumomi ta Ailan, wadda Sir Henry Robinson ke jan ragamarta, ta kafa kwamitin 'yan gudun hijirar Beljiyam a Dublin, ƙarƙashin wata mata, Misis Fowle. Littafin da suke rubuta bayanan zamansu yana nan ajiye a jami'ar UCD da ke Dublin. Aikin kwamitin shi ne ya karɓo mutane daga Ingila, ya rarraba su ga waɗanda suka yi tayin masauki, ya tara kuɗi da sutura. A ƙarƙashinsa garuruwa suka kafa nasu ƙananan kwamitoci. Wani ya ba da gidan da ba kowa a ciki, wani ya ɗauki alkawarin sule kaza duk mako, mai shago ya ba da gari ko gawayin kwal. An yi tarukan kiɗa da gwanjon kaya, an yi ranakun sayar da 'yan tutoci a titi, an zagaya da faranti a coci-coci. A watannin farko tayin masauki ya fi baƙin yawa, domin da yawa daga cikin 'yan Beljiyam ba su so su sake ƙetare wani teku su ƙara nisa da gida. Suna jin kamar gobe ko jibi za a ce su koma.

Matsala ta farko ita ce inda za a ajiye mutane kafin a samo musu gida, da kuma waɗanda ba wanda ya yi tayin ɗauka: iyali mai yara bakwai, tsoho mara lafiya, saurayi shi kaɗai. Ginin gwamnati da ke da gadaje da kicin da fili a kowane yanki na Ailan ɗaya ne, shi ne gidan gajiyayyu. Dole a tsaya a nan a yi bayani, domin wanda bai san wannan gida ba ba zai gane nauyin abin ba. Dokar talakawa ta 1838 ce ta kafa su, aka gina 130 da farko, daga baya suka kai 163. Da gangan aka tsara su don su zama wurin da mutum ba zai so shiga ba sai ya rasa kowace dabara. A bakin ƙofa ake raba miji da mata, a raba uwa da yara, a ba kowa rigar gida, a sa shi fasa dutse ko tsifar tsohuwar igiya. A lokacin babbar yunwar 1845 zuwa 1852, da ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya, gidajen nan sun cika sun zama matattarar zazzaɓi, aka riƙa binne gawa a bayansu ba alama. A 1914 akwai tsofaffin da suka ga wannan da idonsu. Ce wa ɗan Ailan zai ƙare a gidan gajiyayyu baki ne.

To can aka kai baƙin ƙasa. An yi amfani da gidan Celbridge da wasu, amma babban sansanin shi ne na Dunshaughlin a gundumar Meath, wanda aka buɗe tun 1841. Hukuma ta yi ƙoƙarin cire wa abin ƙaya: ba za a lissafa su cikin gajiyayyu ba, ba za a raba iyali ba, zamansu dabam. A takarda wannan ya wadatar. Amma ka ɗauka kai ne akawu ko tela daga Antwerp, mai gidanka da shagonka wata biyu da suka wuce. An sauke ka a gaban dogon ginin dutse mai launin toka a tsakiyar makiyayar shanu, tagogi ƙanana, ɗakin kwana dogo mai jerin gadajen ƙarfe, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ba sai an fassara maka sunan wurin ba. Wani abin da ya ƙara wa lamarin gishiri, a wannan gunduma ta Meath ɗin dai, gidan gajiyayyun Oldcastle aka kwashe aka mai da shi wurin tsare Jamusawa da 'yan Ostiriya farar hula. Aboki da abokin gaba, gini iri ɗaya, bambancin waya mai ƙaya da mai gadi.

A ganina ba mugunta ce ta kawo haka ba. Gwamnati ta yi amfani da abin da ke hannunta ne, kuma abin da mulkin Ingila ya gina wa Ailan domin mabuƙata ke nan. Sai dai a faɗi gaskiya, lokacin da masu tayin gidaje suka fara janyewa, wannan gini da kowa ke ƙyama shi ne bai rufe ƙofa ba.

Raɓar da ta ƙi bushewa

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Duk wanda ya yi tayi a 1914 a kan wannan lissafi ya yi, domin maganar da ke bakin kowa ita ce yaƙi zai ƙare kafin Kirsimeti. Kirsimeti ta zo ta wuce, sojoji sun haƙa ramuka daga teku har iyakar Suwizalan, ba mai motsi. Wanda ya yi alkawarin wata uku ya sabunta, ya sake sabuntawa, sannan ya fara rubuta wa kwamiti wasiƙar ban haƙuri. Farashin abinci da kwal ya yi ta hawa. Faranti ɗaya kuma masu miƙo hannu sun ƙaru: sojojin da aka dawo da su da raunuka, fursunonin yaƙi 'yan Ailan da ke Jamus, zawarawa da marayu. Wanda ɗansa ya mutu a Gallipoli a 1915 ba za ka ga laifinsa ba in ya karkata sadakarsa. A hankali nauyin ya tashi daga aljihun jama'a ya koma kan baitulmalin gwamnati.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a rubuta su a fosta. Masu masauki da suka yi makaranta sun tanadi ɗan Faransancinsu, sai suka tarar da yawancin baƙin Filemanci suke ji, harshen arewacin Beljiyam da ke kusa da na Holan. Mai gida shayi ya sani, baƙo kofi ya saba. An zata za a ga manoma masu takalmin katako masu yawan godiya, sai ga mutanen birni da ke da ra'ayinsu kan yadda ake dafa miya. Wanda aka yi wa alheri ana so kullum ya riƙa nuna ya sani, wannan kuwa aiki ne mai gajiyarwa in ya kai shekara.

Addini ma ya shigo. Kusan dukan baƙin Katolika ne, amma da yawa daga masu manyan gidaje da halin ɗaukar iyali guda Furotesta ne. A Ailan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun zamanin yunwa ake tuna wasu 'yan mishan da suke ba da miya ga wanda ya yarda ya sauya coci, har "shan miya" ya zama zagi da ake gada. Don haka shugabannin Katolika suka sa ido sosai kan inda ake kai yara da makarantar da ake sa su.

Babbar matsalar dai aiki ce. Ƙa'idar da aka bi a duk Birtaniya ita ce kada ɗan Beljiyam ya karɓi aikin da ɗan ƙasa ke nema, kada kuma ya yi aiki ƙasa da ladan da aka saba biya. A Ingila wannan bai daɗe yana damun kowa ba, domin masana'antun makamai sun buɗe baki suna neman hannu. A Birtley da ke arewacin Ingila har gari guda aka gina wa ma'aikata 'yan Beljiyam, aka sa masa suna Elisabethville. Ailan kuwa, in ka cire Belfast da kewayenta, ƙasar noma ce da 'ya'yanta ma ke fita neman aiki waje. Mutum mai sana'a ya zauna wata da watanni hannu rabbana, ga mutanen gari suna kallonsa suna cewa ga ƙato yana cin tuwon sadaka alhali 'ya'yansu na mutuwa domin ƙasarsa. Gwamnatin Beljiyam da ke gudun hijira kusa da Le Havre a Faransa ta kira samari soja a 1915, ta faɗaɗa kiran a 1916. Da wannan da kuma albashin masana'antun Ingila, adadin ya yi ta raguwa: daga wajen 1,500 a ganiyarsa zuwa ɗari biyar da 'yan kai a ƙarshen yaƙi. Waɗanda suka rage galibi mata ne da yara da tsofaffi.

Inda aka yi dabara, an ga amfaninta. A Monaghan matan sun zo da sana'ar surfani da saƙar leshi a hannunsu, daga nan aka samu wata masana'antar kayan mata mai suna Bel-Broid da ta ɗauki 'yan matan garin aiki, ta kuma ci gaba bayan baƙin sun koma. Sana'ar da ba ta ƙwace abincin kowa ba, ita ce ta samu wurin zama.

Waɗanda ba su tafa ba

Ba kowa ne ya karɓi labarin "ƙaramar Beljiyam abar tausayi" ba. Shekara guda kafin yaƙi, Dublin ta sha rikicin ma'aikata na 1913, inda masu kamfanoni suka rufe wa dubban ma'aikata ƙofa har yunwa ta karya su. A Satumban wannan shekara gidajen haya biyu suka rufta a Church Street suka kashe mutum bakwai. Iyalai sama da 20,000 a birnin suna zaune a ɗaki ɗaya ɗaya. Ga mai zama a irin wannan ɗaki, ganin manyan mata suna rige-rigen gyara wa baƙi gida mai ɗakuna yana da ɗaci. Tambayarsu ba ta da wuyar ganewa: ina wannan tausayi yake bara?

James Connolly, jagoran 'yan ƙwadago, ya rataya ƙyalle a gaban ofishinsu na Liberty Hall da ke cewa ba su bauta wa Sarkin Ingila ko Kaisar na Jamus, sai Ailan. Shi da masu ra'ayinsa suna ganin an mai da Beljiyam ƙugiyar kama samari ne, kuma in haƙƙin ƙananan ƙasashe ake yi wa yaƙi, ga wata ƙaramar ƙasa nan a ƙarƙashin ƙafar Ingila. Sun kuma tuna wa mutane Kwango. Ɗan Ailan ne, Roger Casement, wanda ya taɓa aikin mulkin mallaka a yankin Kalaba, ya rubuta rahoton 1904 da ya tona ta'asar da ake yi a Kwangon Sarki Leopold na Beljiyam: aikin tilas na tatsar roba, garkuwa da mata, yanke hannuwa. A daidai lokacin da ake sauke baƙi a Monaghan, Casement yana isa Jamus neman taimakon tawaye. Hujjar tana da ƙarfi a kan gwamnatoci. A kan tsohuwar da ta gudo daga garin Mechelen na Beljiyam da ƙullin kaya kuwa ba ta da wani ƙarfi, domin ba ita ta yanke hannun kowa ba. Amma mutumin da aka ɗaga shi a matsayin tuta, ranar da aka daina son tutar shi ma zai ji a jikinsa.

Ranar ta zo. A 24 ga Afrilun 1916 aka yi tawayen Ista a Dublin, sojoji suka yi luguden wuta a tsakiyar birnin, aka harbe jagororin, Connolly a cikinsu, aka rataye Casement a watan Agusta. Ra'ayin jama'a ya juya. Titin O'Connell na yau, wanda a lokacin ake kira Sackville, ya zama kufai har mutane na kwatanta shi da garuruwan Beljiyam da suke gani a jarida. Daga nan duk maganar da ta yi kama da kiran shiga soja ta rasa masu saurare, Beljiyam kuwa tana cikin wannan magana tsundum.

Masu zuhudun da suka zo suka zauna

Wani reshe na labarin ya bi hanyarsa dabam. A lokacin, a birnin Ypres na Beljiyam akwai gidan mata masu zaman zuhudu na ɗariƙar Benedict, wanda aka kafa a 1665 kuma tun ƙarni na 17 aka san shi da gidan 'yan Ailan. Nan manyan iyalan Katolika ke kai 'ya'yansu mata karatu lokacin da doka ta hana a gida. Da harsasan manyan bindigogi suka fara sauka a Ypres a ƙarshen 1914, matan suka fita da ƙafa zuwa Poperinge, daga nan Ingila. Gidansu ya zama toka. Redmond, wanda 'yar ɗan'uwansa na cikinsu, ya taimaka aka tara kuɗi, suka sauka a Macmine da ke gundumar Wexford a 1916. Da suka tabbata ba abin da za su koma wa, sai suka sayi gidan Kylemore a Connemara a ƙarshen 1920. Suna can har yau, wurin kuma yana cikin wuraren da masu yawon buɗe ido suka fi zuwa a yammacin Ailan. Cikin abin da suka tsira da shi har da wata tsohuwar tuta da ake dangantawa da yaƙin Ramillies na 1706.

Haka kuma Columba Marmion, haifaffen Dublin da ke shugabantar gidan zuhudun Maredsous a Beljiyam, ya ji tsoron kada Jamusawa su kwashe matasan almajiransa. Ya fita ba fasfo, cikin shigar dillalin shanu, ya samo musu gidan Edermine kusa da Enniscorthy. Waɗannan sun koma bayan yaƙi. Su masu zuhudu ba su sha wahalar da sauran suka sha ba ta wajen karɓuwa, domin suna da coci a bayansu, suna da 'yan'uwa, kuma ba sa neman aikin kowa.

Komawa

An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamban 1918. Gwamnatin Birtaniya ba ta ɓata lokaci ba, ta ba da jirgi kyauta ga duk mai komawa, ita ma Beljiyam tana buƙatar mutanenta don sake gini. A Fabrairun 1919 wajen mutum 400 da suka rage suka shiga jirgin ruwa a Dublin zuwa Antwerp. Ƙasar da suka bari ba ita ce ta tarbe su ba. A zaɓen Disamban 1918 Sinn Féin, jam'iyyar masu neman cikakken 'yancin Ailan, ta ci kujeru 73, jam'iyyar Redmond, wanda ya rasu a watan Maris, ta tsira da shida kacal. Ranar 21 ga Janairun 1919 sabuwar majalisa ta zauna a Dublin ta ayyana 'yanci, a ranar kuma aka yi harbin farko na yaƙin neman 'yancin. Sabuwar ƙasar da ta fito daga wannan ba ta da sha'awar tuna duk abin da ya shafi yaƙin Ingila, hatta 'ya'yanta wajen 200,000 da suka sa kaki, balle baƙin da aka yi amfani da sunansu wajen kiransu. Sai a 'yan shekarun nan masu bincike da gidajen tarihi na gundumomi suka koma kan takardun.

A Dunshaughlin wasu daga cikin baƙin ba su ga jirgin komawa ba. Sun rasu a sansanin, aka binne su a maƙabartar gajiyayyu da ke kusa da ginin, wuri ɗaya da mutanen zamanin yunwa. Shekara guda bayan tafiyar sauran, 'yan sandan ko-ta-kwana da Birtaniya ta kawo don murƙushe masu neman 'yanci, waɗanda ake kira Black and Tans, suka mai da ginin barikinsu.